Hukuncin kai yara sansanin koyon hawan doki na coci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Texas ta Amurka da yarana biyu, namiji ɗan shekara 11 da mace 'yar 9. Akwai wata gona kusa da mu da ke koya wa yara hawan doki a dogon hutu, a kai su da safe a ɗauko su da yamma, amma coci ce ke da ita, kullum sai an musu karatun Baibul da waƙe-waƙe kafin a fara. Kuɗinsu da sauƙi, shi kuma yaron tunda ya ga Hawan Daushe a Kano ya ƙwallafa rai a kan doki. Ya halatta in kai su?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Toh shi dokin kansa babu magana a kansa, Allah ya ce a Suratun Nahli aya ta 8 ya halicci dawaki da alfadarai da jakuna don a hau kuma don ado, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa alheri a ƙulle yake a makwarkwaɗar doki har ranar ƙiyama. Annabi (SAW) da kansa ya sa an yi sukuwa daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, wasu wurare biyu a kewayen Madina, Ibn Umar ma yana cikin mahayan. Ita kuwa maganar nan da ake ta yaɗawa a WhatsApp, ku koya wa 'ya'yanku iyo da harbi da hawan doki, ba ta inganta a matsayin hadisi ba, Sayyidina Umar aka fi jingina wa ita.

Kuma kasancewar mai koyarwar ba musulmi ba ne shi ma ba ya hanawa. Fursunonin Badar mushrikai ne amma sun koya wa yaran Madina rubutu.

Inda gizo ke saƙar shine wancan zaman na safe. Fursunonin Badar rubutu kawai suka koyar, su kuwa irin waɗannan sansanonin wa'azin shine ginshiƙin shirin, kuma da yawansu ba sa ɓoyewa, ki duba shafinsu na intanet za ki gani a rubuce. Yaro ɗan shekara 9 ko 11 bai da ilimin da zai tace abin da ya ji, ga mutumin da ya ɗora shi a kan sirdi yana yaba masa shine dai yake ce masa Annabi Isa ɗan Allah ne, ga abokai duk suna rera waƙa tare, kinga ai kunya ma kaɗai za ta sa ya bi baki. Annabi (SAW) ya ce kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne ke mayar da shi bayahude ko banasare ko bamajuse, kuma hawan doki mustahabbi ne a mafi girman matsayinsa, tsare aƙidar yaro kuwa wajibi ne a wuyanki. Ba a sayar da wajibi don mustahabbi, ballantana don rangwamen kuɗi. Saboda haka a yadda kika siffanta, bai halatta ki kai su ba.

Sai dai in kin je kin yi musu magana cikin mutunci sun yarda ki riƙa kawo yaran bayan an gama addu'o'insu, hawa da kula da doki kawai za su yi, kuma kin tabbatar ba a cusa wa'azin a tsakiyar darasi, to wannan ya zama haya ce ta koyon sana'a, babu laifi. In sun ƙi, ai Texas ba a rasa wuraren koyon doki da babu ruwansu da addini, ko ku haɗu da iyaye na masallacinku ku ɗauki mai koyarwa ɗaya ku raba kuɗin.

Duk inda suka je azahar za ta riske su a can, ki nema musu lokacin sallah, ki haɗa su da kayan canji domin a mazhabar Malikiyya fitsarin doki da kashinsa najasa ne, guminsa da yawunsa dai masu tsarki ne. Yarinyar ma ta hau abinta, wando da doguwar riga, hular kwano a kan hijabi. Wallahu a'alam.