Admiral, hafsa da ƙawance: amsar tambayoyin masu karatu

Wani mai karatu daga Yawuri ya rubuto yana cewa: "Malam, na ji a rediyo an ce Admiral Giuseppe Cavo Dragone ne shugaban kwamitin soja na ƙungiyar tsaro ta NATO. Me ya hana a kira shi Sarkin Ruwa, tunda muna da wannan sarauta?"

Malam, tambayarka ta yi mini daɗi, domin mutumin Yawuri ya fi kowa sanin Sarkin Ruwa. Sai dai sunan bai dace da wannan hafsa ba. Sarkin Ruwa shugaban masunta ne da masu fito, shi ya san gurbi da lokacin su, shi ya sa a Argungu ba a faɗa wa kogin Matan Fada sai ya duba ruwan. Sarauta ce ta sana'a. Admiral kuwa muƙamin sojan ruwa ne, daidai da Janar a sojan ƙasa.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne kalmar ba baƙuwarmu ba ce. Tushenta Larabci ne, wato amir, wadda muke ji a Amirul Hajji da Amirul Muminina. Ta tsibirin Sisili ta shiga bakin Turawa, inda a ƙarni na 12 sarakunan wurin suka ci gaba da amfani da wannan laƙabi da suka gada daga Larabawa, har ya zama na mai jagorantar jiragen yaƙi. Sisili yau yankin Italiya ne, ƙasar da Cavo Dragone ya fito. Ya karɓi kujerar a Janairun 2025 daga hannun wani sojan ruwan, Admiral Rob Bauer na Holan, wanda ya hau a 2021.

Ina roƙon masu fassara labarai su kula da abu guda, don yana damuna ƙwarai. Kada a ce masa kwamandan NATO. Shugaban kwamiti ne: manyan hafsoshin tsaron ƙasashe 32 ne suke zaɓensa, ya tattara shawarar da suka amince da ita baki ɗaya, ya kai wa shugabannin siyasar ƙungiyar. Mai ba dakaru umarni a Turai wani ne daban, kuma tun daga Janar Eisenhower, wanda ya fara riƙe muƙamin, Ba'amurke ake naɗawa. Sojan ruwa na farko da ya riƙe wannan muƙamin shi ne Admiral James Stavridis, daga 2009 zuwa 2013. Shi kam kwamanda ne.

Wata malama daga Maraɗi ta tambaya ko hafsa na da alaƙa da sunan Hafsatu. Babu, Malama. Hafsa aro ne daga Turanci, ɗan'uwan ofis da ofisa, bakin Bahaushe ya gyara shi, ya kuma ba shi jam'i irin namu: hafsoshi.

Tambayar ƙarshe daga wani ɗalibi ce a Zariya: wane karin magana ya dace da ƙawance irin na NATO?

Ka fara lura da kalmar kanta, ɗalibi. Daga ƙawa ta fito, abokiyar mace, sannan aka faɗaɗa ta har ta kai ga ƙasashe. Ta bambanta da taron dangi, wanda ke nufin an haɗu an far wa mutum guda. Wanda ya ce an yi wa wata ƙasa taron dangi ya riga ya nuna ɓangaren da yake tausaya wa.

Da yawa za su ce "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi". Ni na fi son "tsintsiya maɗaurinki ɗaya". Ƙasashe 12 ne suka kafa NATO a 1949, kuma maɗaurinsu shi ne sashe na 5 na yarjejeniyar, wanda ya ce an taɓa ɗaya an taɓa duka. Sau ɗaya tak aka yi aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumbar 2001 a Amurka. In kuma ka ga an yi ta zama ba a cimma matsaya ba, akwai wanda Hausawa suka tanada: "taron tsintsiya ba shara".