Mai gini ya soke kuɗin gwaji, wai lissafin kwamfuta ya wadatar

Tambaya: Ni injiniya ne, ina kula da ginin bene mai hawa uku a Gombe. Na sa kuɗin gwajin ƙasa da na rodi da na kankare a takardar kiyasi, mai ginin ya soke su, ya ce tunda manhaja ta nuna zanen ya tsaya daidai, asarar kuɗi ce. Mako mai zuwa za a zuba fandisho, kuma ni na sa hannu a zanen. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina kuɗin zai fito, kuma da me zan fara?

Amsa: Injiniya, ɗage zubin nan tukuna. Ka rubuta wa mai ginin takarda, ka ajiye kwafi, domin ranar da abu ya faru kai hukumar COREN mai kula da aikin injiniyoyi za ta kira, ba manhajar ba.

Wannan magana ta "ai kwamfuta ta ce ya yi" ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, kuma ba masu gini kaɗai ke faɗinta ba, har da abokan sana'armu. Manhaja ba ta san yashin da tifa ta sauke maka ba. Kai ka rubuta mata cewa ƙarfin kankare zai kai 25 N/mm² (ma'aunin nauyin da zai jure), na rodi zai kai 460, ƙasa za ta ɗauki kaza, ita kuma ta yi lissafi a kan abin da ka faɗa. Waɗannan lambobi uku alkawari ne, ba a cika shi ba tukuna. In lebura ya ƙara bokitin ruwa don kwaɓin ya yi masa sauƙin juyawa, kankarenka ya sauka ƙasa da 25 ɗin nan, allon kwamfutarka kuwa yana nan kore shar. Haka in an yi haɗin 1:2:4 (siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu) da siminti mai lambar ƙarfi 32.5 da yashi mai laka, kada ka rantse zai kai inda zane ke so. Rodin kasuwa ma labarinsa ke nan: a sayar maka da shi a matsayin mai kaurin milimita 12, alhali a sikeli bai kai ba. Mita ɗaya ta rodi mai 12 ya kamata ta yi kilo 0.888, mai 16 kuma kilo 1.58. Yanke mita guda ka auna, wannan ko kwabo ba za ka biya ba. Amma sikeli ba zai gaya maka ko ƙarfen zai miƙe kafin ya tsinke ba, ko kuwa ƙaras zai karye. Sai an ja shi a inji, an kuma lanƙwasa shi.

Abin da ya fi baƙanta rai shi ne masu mayar da gwajin kansa wasan yara. Ɗan kwangila ya yi kwaɓi na musamman a gefe, ya labta siminti, ya cika akwatunan samfur da shi, sakamako ya fito 35, ginshiƙin da ke tsaye kuwa da farce ana karce shi. Wani ma ba ya wahalar da kansa, takarda mai hatimi kawai yake saye. Wannan ya fi rashin gwaji muni, don ya kashe shakkar da za ta sa a bincika.

To ga yadda ake yi. Samfur daga bakin injin kwaɓi ake ɗiba, a tsakiyar zubi, kana tsaye. Akwatin ƙarfe mai milimita 150 kowane gefe, a shafa masa mai, a cika shi hawa uku, kowane hawa a daddage shi da sandar ƙarfe aƙalla sau 35. Ɗebi shida a kowane babban zubi: uku a fasa a kwana 7, uku a kwana 28. Rubuta rana da sashen ginin a jikin kowanne. Bayan awa 24 a kwance akwatin, a nutsar da su cikin ruwa a inuwa, kada a bar su a rana a kan tulin yashi. Fuskar samfurin murabba'in milimita 22,500 ce, saboda haka mai 25 dole ya jure dannawar inji ta kusan kiloniyutan 563 kafin ya fashe. A kwana 7 ana sa ran kusan kashi biyu cikin uku na hakan. In bai kai ba, tsayar da aikin da ke kansa. In an riga an zuba, gudumar gwaji, wadda ake buga wa kankare don a ƙiyasta ƙarfinsa, tana ba da haske kawai, hukunci sai an huda an ciro kankaren.

Amma a Gombe ƙasa ce kan gaba. Wasu sassan jihar, kamar na Adamawa da Borno, suna da baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsage da rani. Hawa uku a kanta ba tare da an haƙa an gwada ba ganganci ne.

Batun kuɗi kuwa, kada ka bar shi cikin jimillar ɗan kwangila, don duk abin da bai kashe ba ribarsa ce. Ware shi a layinsa daban, mai gini ya biya ɗakin gwajin kai tsaye, sakamako ya zo hannunka a rufe. Nuna masa kuma cewa in ba gwajin ƙasa, dole ka zana fandisho bisa mafi munin zato, rodi da simintin da zai ƙara na iya zarce abin da ya soke. Ba sai ka nemi na 'yan kasuwa ba: sashen injiniyan gine-gine na jami'o'i irin su ATBU Bauchi, ABU Zariya da Bayero suna da injinan, galibi kuma suna karɓar aikin waje. Sai dai a shirya wa jeka-ka-dawo na biyan kuɗi da neman sa hannun shugaban sashe, don haka kama layi tun kafin ranar zubi. Ko ina ka kai, nemi takardar da ke nuna yaushe aka daidaita ma'aunin injin, kuma ka je da kanka ranar fasawa.