Abin da Ya Sa Muke Rubuta Zancen Koko da Famfo

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka karanta shafukan da na aiko wa mahaifinka, ba ka ga sarki ba, ba ka ga yaƙi ba, sai mai koko da wanzami da rigimar layin famfo, shi ne kake tambaya ko mu Hausawan Kumasi ba mu da tarihin da ya wuce wannan.

Kai a Kano ba ka buƙatar takarda ta shaida kai wane ne. Ganuwa tana nan, kabarin kakanka yana nan, mai unguwa ya san gidanku. Mu a zango abin da muka taka shi ne abin da aka tuna. Kakanninmu fatake ne, sun biyo hanyar Gwanja neman goro, suka zauna a Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892, wasu suka nufi Kete-Krachi, wasu Yeji, wasu daga baya suka gangaro Kumasi bayan Turawa sun ci Tonawa, wato Ashanti masu garin. Ba su zo da maroƙi mai riƙe sunayen iyaye ba. Saboda haka idan tsohuwa ta ce wane a gidan wane ya sauka ranar da ya zo, mu a wurinmu wannan magana ita ce asali.

Shi ya sa za ka ga na daɗe a kan zancen maigida. A nan maigida shi ne wanda baƙo yake sauka a wurinsa da shanunsa ko goronsa. Ya ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi, ya karɓi la'adarsa. Baƙo ya daɗe, sai a ba shi 'yar gida. Gidaje da yawa a unguwannin Aboabo da Asawase ta haka suka haɗa jini. Gidan da na tashi akwai Bamoshe, akwai Bazabarme, akwai Bayarabe, akwai Dagomba, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kuma da Hausa ake faɗa da Hausa ake shiryawa. Na san kuna yi wa Hausar tamu dariya. Ku yi ta yi, ita ce ta riƙe gidan.

Akwai kuma abin da ba ku fama da shi. Tonawa ta wajen uwa suke lissafin dangi da gado, mu ta wajen uba. Yaron da ubansa Bahaushe ne uwarsa Batoniya, ɓangare biyu ke cewa nasu ne. Idan kuwa uban ne Batone uwar Bahausa, sai ka ga kowane ɓangare yana kallon ɗayan. Wa ya yanka ragon suna, wa ya ɗauki nauyin makarantar allo, wa ya yi magana ranar rabon gado, duk wannan ina rubutawa, don jikoki za su tambaya.

Babban dalilin dai shi ne 1969. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Mutanen da aka haifa a nan, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka hau manyan motoci. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Waɗanda suka rage sai suka kama bakinsu. Dattijo ya daina faɗin garin ubansa ko a gaban 'ya'yansa, don kada yaro ya je waje ya maimaita. Tsara guda ta tashi ba ta san komai ba sai cewa mu 'yan zango ne. Sannan 1983 ta zo da fari da gobarar daji da yunwa, ga kuma 'yan Gana da Najeriya ta koro suna ta kwararowa. Maza in ka tambaye su wannan shekara siyasa za su yi maka. Mata ne ke iya faɗa maka abin da aka dafa, da wanda ya haƙura da rabonsa ya bar wa yara. Nasu na fi yarda da shi.

Kuma ba ni na fara ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano ɗinku, wanda ya zauna a Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta waƙoƙi da tarihi, ya kuma zauna ya bayyana al'adu da sana'o'in Hausawa da ajami. Malami irinsa bai ga zaman yau da kullum ya yi wa alƙalaminsa kaɗan ba.

Yanzu ga aikinka. Tsohuwarmu takan ce kakanmu daga wajen Madabo ya fito, cikin Agalawa masu fataucin goro. Ka je ka nemi dattawan unguwar, ka fara da matan, ka tambaye su ko akwai gidan da ake cewa wani nasu ya tafi Gwanja bai dawo ba. Duk abin da suka faɗa ka rubuto mini yadda suka faɗe shi, kada ka gyara. Ka gai da mahaifinka.