Yadda aka gane ƙanƙara ce ta sassaƙa kwarurukan Alps

Malam, ka tambaya yadda aka san ƙanƙara ce ta ƙwaƙule manyan kwarurukan tsaunukan Alps na Turai, ba kogi ba. To, duba siffarsu. Kogi kan yanka kwari mai tsukakken gindi, ita kuwa ƙanƙara jan ciki take a hankali tana gurzar dutse, sai ta bar gindi mai faɗi da zane-zanen ƙarzuwa. Abin burgewa, wani maharbi a Suwizalan, Jean-Pierre Perraudin, ya riga masana lura da waɗannan alamu. Ya gaya wa wani masanin duwatsu, Jean de Charpentier, a 1815, shi kuwa ya yi watsi da zancen. A 1837 wani masanin kimiyya, Louis Agassiz, ya shaida wa taron masana a garin Neuchâtel na Suwizalan cewa ƙanƙara ta taɓa lulluɓe yawancin Turai, manyansu suka yi masa ca.