Tambayi Kawu Likita: Zan tafi Kolorado, ta ina zan fara farautar zakin dutse?

Assalamu alaikum, Kawu Likita. Ni haifaffen Jidda ne, a unguwar Karantina na tashi kafin rusau, shekarata 24. Allah ya yi mini gurbin ƙaro karatu a birnin Denba ta jihar Kolorado a Amurka. Kakana maharbi ne a ƙasar Haɗeja, har yau tsofaffinmu suna ba da labarinsa, amma ni ban taɓa harbin abin da ya wuce kurciya ba, ita ma da bindigar iska. Kullum ina kallon bidiyon masu farautar puma, wanda suke kira zakin dutse, har abin ya shiga raina. Ta ina sabon shiga yake farawa? Wace bindiga zan saya? Ana cin namansa? Baffana ma ya riga ya ce in kawo masa fatar ya shimfiɗa a falo. Ɗanka, mai karatu daga Jidda.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a karatun, ya kai ka lafiya. Maganar bindiga ajiye ta tukuna. Kuɗin da ka tanada dominta, ka sayi takalmin hawan dutse mai kyau da rigar sanyi, domin wannan farauta ta ƙafa ce da karnuka. Harbin shi ne ƙaramin aiki a cikinta.

Sunan zaki da aka laƙa masa kada ya ruɗe ka. Ba shi da geza, ba ya ruri, gurnani yake yi irin na kyanwa. Jikinsa ruwan ƙasa ne babu zane, wutsiyarsa doguwa mai baƙin baki. Babban namiji yakan yi kilo 60 zuwa 80, mace 35 zuwa 50, wato kusan damisar ƙasarmu ko ya ɗara ta kaɗan. Yana nan tun daga Kanada har kudancin Ajantina da Chile. Barewar can ce abincinsa, yakan kashe kamar ɗaya a mako, ya ja ta ƙarƙashin itace ya rufe da ganye da ƙasa, yana dawowa yana ci. Hukumar namun dajin Kolorado tana ƙiyasta akwai manya 3,800 zuwa 4,400 a jihar. Duk da haka za ka tarar da dattijon da aka haifa a gindin dutsen bai taɓa haɗa ido da ko ɗaya ba. Shi ya sa ba a yi masa irin farautar da ka sani ta fita da bindiga ana dube-dube. Sai da karnuka.

Lokacin farautarsa a Kolorado hunturu ne, daga ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Maris. Masu karnuka suna jiran daren da dusar ƙanƙara ta sauka sabuwa. Tun kafin asuba suke fita da mota, suna bin hanyoyin daji a hankali da fitila, idonsu a ƙasa, suna neman inda sawu ya tsallaka hanya. In an samu, sai a sauka a duƙa a karanta shi. Sawun zakin dutse kewayayye ne, faɗinsa santimita 8 zuwa 10, yatsu huɗu, babu alamar farce domin yana janye faratansa in yana tafiya. Na kare kuwa faratan a fili suke. Dunduniyar tana da lanƙwasa uku ta baya. Wanda ya ƙware yana duba faɗin sawun da tazarar taku ya ce maka wannan namiji ne, wannan mace ce, wannan kuma na jiya ne kada a wahalar da karnuka. In sun gamsu, sai a saki karnukan, kowanne da na'urar GPS mai nuna inda yake a wuya. Dokar jihar ba ta yarda su wuce takwas ba.

Zakin dutse yana da gudu amma ba shi da dogon numfashi. In karnuka suka matsa masa, sai ya haye itace ko ya maƙale a gefen dutse, su kuma su taru a ƙasa suna haushi. Daga nan aikin mutum ya fara. Sai ka isa wurin da ƙafarka, wani lokaci tafiyar sa'a uku ko huɗu, hawa ne tsagwaro, ƙanƙara har gwiwa.

Lokacin da nake wani kwas na likitancin dabbobi a arewacin jihar, na taɓa bin wani dattijo mai karnuka da nake duba masa su. Ni da na tashi a Maiwurno ta Sudan ina bin yayyena farautar zomo da zabin daji a bakin kogi, ina ganin ai na san tafiya. Kafin hantsi ƙirjina kamar zai tsage. Da muka isa gindin itacen, dabbar tana kwance a kan reshe, tazararmu ba ta fi mita goma ba, tana kallonmu ko gezau. Dattijon ya zagaya itacen da madubin hangen nesa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce mace ce. Ya ɗaure karnukansa ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowanne ɗan nama, muka juyo. A hanya ya gaya mini yawancin waɗanda karnukansa suka kora sama, hoto kawai yake ɗauka ya bar su. Shi abin alfaharinsa wata tsohuwar karya ce mai jan kunne da ba ta ɓatar da sawu ko a kan dutse.

Kai kuma daga Jidda za ka tashi, bakin teku, ka sauka Denba mai tsayin mita 1,600, wuraren farautar kuma sun fi haka tsayi nesa ba kusa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba jikinka watanni yana sabawa da iskar can, kana hawan ƙananan duwatsun bayan gari a ƙarshen mako.

Sai maganar doka, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Kowace jiha da tata. Kalifoniya ta haramta farautarsa don nishaɗi da ƙuri'ar jama'a a 1990. Oregon a 1994 da jihar Washinton a 1996 sun hana a bi shi da karnuka. A Kolorado an kai maganar hanawa gaban masu zaɓe a Nuwamban 2024, ba ta yi nasara ba, amma ka san za ka zauna cikin mutanen da da yawansu suke ƙyamar abin, har a cikin ajinku. Kafin a sayar maka da lasisi sai ka yi kwas na koyon farauta da riƙe makami, sannan ka ci wata jarrabawa ta musamman a kan zakin dutse, wadda ake yi ta intanet. An raba jihar yanki-yanki, kowane yanki da adadin da aka yarda a kashe. In ya cika an rufe, don haka kullum kafin ka fita sai ka duba ko yankin yana buɗe. In ka kashe, cikin sa'a 48 za ka sanar da hukuma, cikin kwana biyar ka kai fata da kai a duba, a cire haƙori ɗaya don gane shekarunsa, a sa hatimi.

Akwai kuma wadda ta shafe ka kai kaɗai. Bizar ɗalibi ba ta zama ɗan ƙasa ba ce, kuma dokar tarayyar Amurka ta hana mai irinta mallakar bindiga ko harsashi, sai in yana riƙe da lasisin farauta mai aiki. Lasisi ne farko, bindiga daga baya. Ko aron ta aboki don gwaji kada ka karɓa kafin nan. Mu da muka daɗe muna lallaɓa iƙama, wato takardar zama a Saudiyya, mun san yadda takarda ɗaya take rushe wa mutum rayuwa. Kada ka bari sha'awar bidiyo ta jawo a sallamo ka daga karatu.

Jarrabawar nan da na ambata, kusan dukkanta a kan abu ɗaya take, wato bambance namiji da mace, kuma a ganina shi ne ilimin farautar gaba ɗaya. Haramun ne a dokarsu a kashe ɗan da bai rabu da ɗigo-ɗigon jikinsa ba, ko uwar da take tare da 'ya'ya. Matsalar ita ce uwa takan ɓoye ƙanana ta fita neman abinci ita kaɗai, kuma 'ya'yan suna dogara da ita shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sai ka harbe mace a kan itace kana ganin ita kaɗai ce, alhali ka kashe uku ko huɗu da yunwa a cikin wani kogo. Girman jiki ba ya isa hujja, saboda matashin namiji da babbar mace kusan ɗaya suke. Abin da ake dubawa wani baƙin tabo ne na gashi a tsakanin ƙafafun baya, kamar santimita 10 zuwa 12 ƙasa da gindin wutsiya. Namiji ne yake da shi a nan. Na mace yana can kusa da wutsiya, sau da yawa ma a rufe. Ganinsa yana bukatar haƙuri, a jira dabbar ta motsa ko ta miƙe. Sabon shiga kuwa ya sha hawa, hannunsa na rawa, karnuka sun cika masa kunne, ga kuɗin da ya biya jagora, wanda dubban daloli ne. A irin wannan hali ne mutum yake ganin tabon da babu shi.

Shi ya sa shawarata ita ce hunturun farko ka zama ɗan rakiya. Nemi masu karnuka ta ƙungiyoyinsu, ka tambayi ofishin namun daji abin da aka halatta wa mai rakiya, ka riƙe igiyar kare, ka ɗauki jaka, ka koyi sawu. Wasu jihohin kamar Montana ma suna da izinin kora kawai, a bi shi har ya hau itace, a bar shi. In bayan haka har yanzu ranka yana so, wanda ya koya maka sawu shi zai gaya maka bindigar da ta dace. Harbi ne na kusa, ba ya bukatar wata babba, abin da ake so shi ne harsashi ɗaya a ƙirji, dabbar ta mutu nan take, kada ta faɗo da rai cikin karnukan mutane.

In kuwa kun yi kiciɓis a yawon dutse babu karnuka, kada ka gudu kuma kada ka duƙa. Tsaya ka fuskance shi, ɗaga hannu da riga, ɗaga murya, ka ja da baya a hankali. In ya afka maka, ka yi faɗa da duk abin da ke hannunka. Mutanen da ya kashe a Amurka da Kanada cikin fiye da shekara 100 wajen 30 ne kacal, santsin titi a hunturu ya fi shi haɗari a gare ka.

Nama. Turawan can suna ci, fari ne, kuma sai an dafa shi sosai saboda wata tsutsa da take zama a tsokar masu cin nama, wadda sanyin firiza ba lallai ya kashe ta ba. Dokar Kolorado ma ta wajabta a gyara naman don cin mutane, ba a yarda ka feɗe fata ka watsar da gawa ba. To ga inda gizo ke saƙa. Hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani yana cikin Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) ya hana cin duk mai fiƙa daga namun dawa. Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa, waɗanda fatawarsu ka tashi kana ji a nan, sun ce haramun ne. Mashhurin mazhabar Malikiyya ta iyayenmu karhanci ne. Sannan Risala, wadda na tabbata an karantar da kai ko da babin farko, ta ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal. Ni likitan dabbobi ne, fatawa ta malamai ce, ka zauna da naka kafin ka tafi. Amma tunda ra'ayina ka nema: kakanka yana harbi ne don tukunya ta tafasa, ko don kura ta addabi garke. Dabbar da ba za ka ci ba, ba ta taɓa maka akuya ba, ta hau itace ta tsaya cak, ni dai ban ga abin da zan ƙaru da shi in na harbo ta ba. Na san makiyayan can da take yi wa ɓarna, su maganarsu daban.

Baffanka kuma ka ba shi haƙuri tun yanzu. Puma tana cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, fatarta ba ta fita Amurka sai da takardar izini, ba ta kuma shiga Saudiyya sai da amincewar Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa. Wanda ya cusa ta cikin akwati, a filin jirgin Jidda zai yi bayani. Haka nan in ka dawo hutu kada ka ce za ka gwada abin da ka koyo a duwatsun Ɗa'if ko Asir. Damisar Larabawa da ta rage a duniya ba ta kai 200 ba, ana kiwon wasu a cibiyar Ɗa'if domin a mayar da su dajin Al-Ula, kuma tarar kashe ɗaya riyal 400,000 ce. Farauta ba lasisi kawai riyal 10,000 ce, ko da kurciya ce, don haka waccan bindigar iskar ma ka bar ta a gida har sai ka ga takarda a hannunka.