Tambaya da Amsa: Me Zubar Jini Mai Yawa Ke Yi wa Jajayen Ƙwayoyin Jini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya. Malaminmu ya ce idan mutum ya zubar da jini da yawa, jajayen ƙwayoyin jinin da suka rage a jikinsa su ma sukan lalace, har su kasa wucewa ta ƙananan hanyoyin jini. Ta yaya abin da bai fita daga jiki ba zai lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Malaminku ya yi gaskiya, kuma amsar tana cikin fatar da ke lulluɓe da ƙwayar.

Faɗin jan ƙwayar jini bai wuce mikromita 7 zuwa 8 ba (mikromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma dole ne ta ratsa hanyoyin da suka fi ta ƙanƙanta, musamman tsagogin da ke cikin saifa, waɗanda faɗinsu bai wuce mikromita 1 zuwa 2 ba. Sai ta lanƙwashe kamar jakar da ba a cika ta da ruwa ba, ta wuce, sannan ta koma siffarta ta faifai mai loɓawa a tsakiya, kuma haka take yi tsawon kwana 120 na rayuwarta. Abin da ke ba ta wannan laushi wata raga ce ta furotin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin fatarta. Babban zaren ragar shi ne sifektirin, wanda masu bincike Marchesi da Steers suka bayyana a 1968, sai ankirin da ke ɗaure ragar da wani furotin da ya huda fatar, wanda ake kira band 3. Kowace ƙwaya tana ɗauke da band 3 kimanin miliyan ɗaya.

Baligi yana da jini kusan lita 5. Idan ya rasa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, jiki yakan matse hanyoyin jini na fata da hanji da ƙoda domin ya tanadar wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da ya rage. Gaɓoɓin da aka tauye wa iskar oksijin sai su shiga fitar da sinadarin laktet, jini ya ƙara tsami, kuma wannan tsamin yana rage ƙarfin da ƙwayar ke samu daga suga. Jan ƙwaya ba ta da wata hanyar samun ƙarfi sai ta ƙona suga, ba ta kuma da cibiyar da za ta ƙera sabon furotin, saboda haka duk zaren da ya lalace a ragarta ya lalace ke nan.

A ganina, abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne cewa wani ɓangare na ɓarnar yana aukuwa ne bayan an fara ceto majinyacin. Lokacin da jini ya koma gaɓoɓin da suka daɗe babu iska, sai a samu ɓarkewar wasu sinadarai masu cin furotin kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Su ne ke sa zaruruwan sifektirin su manne da juna, ragar ta ƙage, hamogulobin (furotin mai ɗaukar iskar oksijin a cikin ƙwayar) da ya lalace ya liƙe wa band 3 har su taru dunƙule-dunƙule. Kalsiyam kuma yakan kutsa cikin ƙwayar ya buɗe wata ƙofa da ake kira Gardos, fotasiyam ya fita, ruwa ya bi shi, abin da ke cikin ƙwayar ya yi kauri. An nuna wannan raguwar laushi a gwaje-gwajen da aka yi kan ɓeraye.

Illar a gadon majinyaci take bayyana. Za ki auna bugun jini ki ga ya dawo daidai, amma yatsun majinyacin suna nan da sanyi, fitsarin da ke taruwa a jaka bai taka kara ya karya ba, laktet kuma ya ƙi sauka. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙagaggun ƙwayoyin suna tafiyar hawainiya a ƙananan hanyoyi, wasu ma su toshe su. Saifa kuma takan tsince su ta kawar da su tun kwanansu bai cika ba.

Ƙarin jini yana ceton rai, babu ja a kan wannan, sai dai ki sani cewa jinin da aka ajiye a firji, wanda kan iya kai kwana 42, shi ma ƙwayoyinsa suna rasa laushi sannu a hankali. Ƙarin ruwa zalla kuwa yana cika hanyoyin jini ne kawai, ba ya ɗaukar iska, kuma idan ya yi yawa yakan tsarma sinadaran daskarar da jini. Shi ya sa likitoci ke gaggauta tsayar da zubar, su ɗumama jikin majinyacin, su ba shi jini da wuri, sannan su ci gaba da bibiyar laktet da yawan fitsari ko da awon bugun jini ya nuna komai ya daidaita.