Wankan 'yan tsaki da tokar Inna

'Yata, saƙonki ya iso, kuma sai da na yi dariya ni kaɗai. Kin ce kin karɓi kwali biyu na 'yan tsakin gidan gona, yau kwanansu huɗu, kashi ya bushe ya toshe bayan wasu daga cikinsu, Inna kuma ta hana ki taɓa su da ruwa, wai tun kaka da kakanni ba a yi wa ɗan tsako wanka, toka ake barbaɗa masa. Kina tambaya ko haka al'adar take, kuma wa za ki bi.

Haka take. Ni ma a kai na tashi. Sai dai Inna ta ba ki hukuncin ta riƙe dalilin. Ɗan tsako ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa sai gashi ya fito masa sosai, to idan ya jiƙe, iska ta buge shi, sanyi ne zai kashe shi tun rana ba ta faɗi ba. Abin da tsofaffi suke gudu ke nan. Kuma kajin da Inna ta sani suna da uwa. Uwar ce ke rufe su da fukafukai, ita ke jan su daga nan zuwa can duk yini, kashin da suka yi da safe rana ta busar da shi ba su sake taka shi ba. Naki kuwa ɗari ne cur a zagaye ɗaya, a inda suke ci nan suke kashi, nan suke kwana, kuma ba su da wata uwa sai ke.

Toshewar bayan nan ba a jinkirta ta, domin wanda kashi ya kasa fita daga cikinsa ba ya daɗewa. Ki ɗora ruwa ya yi ɗumi irin na wankan jariri, ki tsoma auduga ko tsumma mai laushi, ki riƙe ɗan tsakon a tafin hannu, ki danna a wurin har kashin ya jiƙa ya saki da kansa. Wurin kawai za ki jiƙa, ba jikinsa duka ba. Kada ki fizge shi a bushe. Na taɓa yi cikin gaggawa, shekarar da na fara kiwo, ya taho da gashi da fata, har yau ina jin kukan ɗan tsakon nan. Ki goge da busasshen ƙyalle, ki shafa man kaɗanya kaɗan, ki ajiye shi kusa da wuta sai ya bushe sarai, don idan 'yan'uwansa suka ga wurin a jiƙe ko ya yi ja za su yi ta saran sa. Ki kuma lura: ƙasa da duburar, wajen ciki, akwai ɗan baƙin ɓawo. Cibiya ce. Ki bar ta, za ta faɗi da kanta.

Yawanci wahalar hanya ce ke kawo wannan, tunda akasarin 'yan tsakin da ake sayarwa a nan daga wajen Ibadan ake ɗauko su, su kwana a mota ba ruwa. Sai kuma zafi ko sanyi da ya wuce kima. A makon farko suna son digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar 3 kowane mako. In ba ki da ma'auni, su za su gaya miki: sun dunƙule a gindin wuta suna tsuwa, sanyi suke ji, sun watse jikin kwali baki buɗe, zafi ya yi yawa. In gawayi kike sa musu, ki hura shi a waje ya gama hayaƙi tukuna, kuma ki bar kafar da iska za ta shiga ko da hunturu ne.

Maganar toka kuma, a akurki tana da amfaninta, manyan kaji na birgima a cikinta tana rage musu ƙwarkwata. Amma a ɗakin reno ban yarda ba. Ƙurarta na shiga hancinsu da idonsu, in kuma ta gamu da ruwan da ya zube, ke kin san abin da ruwan toka ke yi wa hannu, balle tafin ƙafar ɗan kwana huɗu. Ki shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ɓawon katakon da ake samu wurin kafintoci, kaurinsa ya kai yatsu uku ko huɗu. Ban da garin katako mai laushi, suna cinye shi a zaton abinci ne. Jarida zalla ma tana da santsi, tana baje musu ƙafa.

Kowace safiya ki tsuguna ki damƙi shimfiɗar. In ta watse da kin buɗe hannu, lafiya lau. In ta dunƙule kamar fura, ki kwashe wurin ki zuba sabo, musamman kewayen mazubin ruwa. In kuma kin sunkuya warin ya sa idonki yaji, ki tuna su hancinsu na ƙasa dare da rana. Wannan danshin ne gidan cutar zawo mai jini, wadda takan bayyana daga mako na uku. Mazubin ruwan ki wanke shi safe da yamma, ki ɗora shi kan ɗan katako ya zo daidai gadon bayansu, ki ajiye silifas guda a bakin ƙofa wanda ba ya fita tsakar gida inda kajin Inna ke yawo. Magungunan rigakafin cututtukan kaji kuma, wato Lasota da na gumboro, ki ba su a kan lokacin da mai maganin dabbobi ya rubuta miki, tsafta ba ta ɗauke miki su ba.

Inna kuwa kada ki yi jayayya da ita. Ki kira ta ta riƙe miki fitila ranar da za ki goge na farko, ta ga da idonta cewa auduga ce ba bokiti ba. Tokar ki karɓa hannu biyu ki zuba a akurkinta. Ki gaida maigidan da yara, ki kuma sanar da ni nawa suka rage ranar Juma'a.